Sati Goma a Five Spot: Rigimar da Ornette Coleman Ya Tayar a 1959

A daren Talata, 17 ga Nuwamba 1959, wasu samari huɗu makaɗan jaz da suka taso daga Los Angeles suka hau dandamalin wata 'yar mashaya da ke lamba 5, Cooper Square, a unguwar Bowery ta birnin New York. Sunan wurin Five Spot. Wa da ƙane ne ke da shi, Joe da Iggy Termini, kuma ko an cika shi maƙil bai kai ya ɗauki mutum ɗari ba. Unguwar a lokacin ta mashaya ce da marasa galihu masu kwana a gindin bango. Babba a cikin samarin, Ornette Coleman, shekararsa 29, ya rataya farin saksafon na roba, wato wani irin ƙahon busa. Kusa da shi Don Cherry ne, da wani guntun tirampet kamar abin wasan yara. Charlie Haden, farar fata ɗaya tilo a cikinsu, ya rungume bas, wato ƙaton gogen nan na tsaye da ake kaɗa tsirkiyarsa da yatsu. Billy Higgins yana kan ganguna. Ba wanda ya zauna a gaban fiyano.

Aikin sati biyu aka ɗauke su. Sai da suka yi goma. A cikin waɗannan makonni an kira Coleman gwani na gwanaye, an kira shi ɗan damfara, an ce yana da taɓin hankali, har duka an kai masa. Wakilin mujallar Down Beat da ya halarci daren farko ya rubuta cewa wasu sun shigo sun fice tun kafin su shanye abin da ke kofinsu, wasu sun zauna kamar an dasa su, wasu kuma sun koma gefe suna ta musu.

Wanda ya saurari faifan waɗannan samari a yau zai yi mamakin abin da ya jawo wannan ƙura. Akwai kari mai daɗi, akwai bugu, ana iya kaɗa kai. Kafin a gane abin da ya harzuƙa mutane, sai an san abin da aka saba da shi.

Ƙa'idar da aka tarar

Kiɗan jaz na wancan zamani yana da tsarin da kowane ɗan koyo ya haddace. Ana ɗauko waƙa, yawanci mai gaɓa 32, ko bulus, tsohon salon waƙar baƙaƙen kudancin Amurka, mai gaɓa 12. A ƙarƙashin karin waƙar akwai jerin kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake dannawa lokaci guda a fiyano, suna sauyawa bayan kowane bugu biyu ko huɗu. Za a busa waƙar sau ɗaya, sannan kowane mai busa ya karɓa ya ƙirƙiri nasa nan take, amma a kan wannan jeri. In zagaye ya ƙare a koma farko. Mai fiyano da mai bas su ne masu gadi: suna ta maimaita jerin, duk wanda ya kauce kowa ya ji.

Charlie Parker da Dizzy Gillespie sun mayar da wannan tsari abin gasa tun cikin shekarun 1940. Suka ƙara gudu, suka cusa kod a inda babu, har ya zama sai wanda ya sha wuya zai iya binsu. Dalili kuwa ya wuce son burge mutane. Baƙar fata ne a ƙasar da ke kallon makaɗinsu a matsayin mai ba Turawa nishaɗi kawai, mai washe baki yana rawa. Iya bin kod cikin gudu shi ne shaidar da suka riƙe cewa wannan sana'a ilimi ce, ba wasa ba. Shi ne kuma jarrabawar shiga. Baƙo ya zo wurin da ake haɗuwa da dare ana gwada juna, sai a kira waƙa mai wuya, a ɗaga gudunta, a sauya mata mazauni. In ya tsira, ya zama ɗan gida. In ya ɓace a hanya, ba sai an ce masa sauka ba.

A 1959 ɗin kanta manya biyu suna kokawa da wannan tsari, kowa ta fuskarsa. Miles Davis ya rage yawan kod har ya kusa ƙarar da su a faifansa Kind of Blue, wanda ya fito a watan Agusta. John Coltrane ya bi akasin haka: a farkon watan Mayu ya naɗi Giant Steps, inda kod ke sauyawa da irin gudun da har Tommy Flanagan, ƙwararren mai fiyano, ana jin yana tuntuɓe a nasa ɓangaren. Ba a yi sati uku ba, ranar 22 ga Mayu, wa kamfani guda da na Coltrane, wato Atlantic, Coleman ya shiga situdiyo a Hollywood ya naɗi faifan da aka sa wa suna The Shape of Jazz to Come, ma'ana kamannin jaz mai zuwa. Shi bai rage kod ba, bai ƙara ba. Ajiye jerin ya yi gaba ɗaya. A busa waƙa a farko, a busa ta a ƙarshe, amma a tsakiya karin da mai busa ke ƙirƙira shi zai ja ragama, sauran su bi.

Daga ina ya fito

An haife shi a Fort Worth ta jihar Texas ranar 9 ga Maris 1930, cikin talauci, mahaifinsa ya rasu yana yaro. Shi ya koya wa kansa busa daga littafi, kuma a nan aka fara samun tangarɗa: saksafon irin nasa, sunan da ake ba sauti a takarda daban yake da wanda ke fita in an gwada da fiyano, shi kuwa ba wanda ya gaya masa. Ya daɗe yana kiran sautuka da sunayen da ba nasu ba. Abokan gaba sun riƙe wannan a matsayin hujjar jahilci. Shi kuma daga nan ya ɗauki ra'ayin cewa sunan sauti yarjejeniya ce ta mutane, abin da ke fita a kunne shi ne gaskiya.

Ya ci abinci da kiɗan rawa a gidajen giya na kudancin Amurka. A 1949 ya bi wata tawagar wasan yawo, aka sallame shi a Natchez. A Baton Rouge kuwa, bayan wani wasa, wasu suka ja shi waje suka lakaɗa masa duka, suka farfasa masa ƙaho. Ya isa Los Angeles a farkon shekarun 1950, ya yi aikin tuƙa lifta a wani babban kanti, yana karanta littattafan ilimin kiɗa in babu fasinja. Da dare in ya je wurin gwaji ya hau dandamali, sai makaɗa su ajiye kayansu su sauka. Dexter Gordon, sanannen mai busa saksafon, ya taɓa korarsa. Farin ƙahon robar nan, samfurin Grafton da ake ƙerawa a Ingila, ya saye shi ne a 1954 don kuɗinsa bai kai na tagulla ba. Daga baya ya ce ya fi son muryarsa, amma a idon 'yan New York abin ya zama ƙarin shaida cewa mutumin nan wasa ya zo yi.

Abin da labarin rigimar ke yawan tsallakewa shi ne shekarun da suka biyo baya. 'Yan samari kaɗan a Los Angeles sun ji wani abu a businsa, suka liƙe masa: Cherry, Higgins, da Ed Blackwell, wani makaɗin ganga ɗan New Orleans, daga baya Haden. Kusan kullum suna tare a ɗaki ko gareji, ba kuɗi ba 'yan kallo, suna maimaita waƙoƙinsa har sai da numfashin Cherry da na Coleman suka zama ɗaya. A 1958 suka sami aiki a kulob ɗin Hillcrest tare da mai fiyano Paul Bley, jama'a suka riƙa ficewa, mai wurin ya sallame su. Lester Koenig na kamfanin Contemporary ya fitar masa da faifai biyu da ba su yi wani tasiri ba. John Lewis, jagoran Modern Jazz Quartet, mutum mai kwat da natsuwa wanda ba a san shi da son hayaniya ba, shi ya tsaya masa, ya haɗa shi da Nesuhi Ertegun na Atlantic. A damunar 1959 aka tura shi da Cherry makarantar jaz ta Lenox a jihar Massachusetts, inda masu sharhi irin su Martin Williams da mawallafin kiɗa Gunther Schuller suka ji shi suka fara yayata shi.

Wannan ma ya zama laifi. Kafin ya taka New York, sunansa ya riga shi, kuma masu alƙalami ne suka kai shi, akasarinsu Turawa. Makaɗan da suka shekara goma sha biyar suna fama a garin, ba wanda ya kira su makomar jaz, suka wayi gari an ce ga wani ɗan ƙauye da ƙahon roba ya zo ya nuna musu hanya. Ko waliyyi ne sai ransa ya sosu.

Abin da kunne ya ji

A ɗauki waƙar farko a faifan na Atlantic, Lonely Woman, wadda ba ta kai minti biyar cikakku ba. Haden ne ke buɗewa, yana kaɗa tsirkiya biyu tare, ɗaya tana tsaye a sauti guda kamar gurnani, a hankali. A kansa Higgins yana ta watsa bugu a faranti da gudu, kamar ruwan sama a kan kwano. Gudu biyu ke nan a lokaci guda, ɗaya na tafiyar makoki, ɗaya na tsere. Sai ƙahonin biyu su shigo da kari mai ja, ba su bi gudun bas ba, ba su bi na ganga ba, suna shawagi a sama. Tare suke busawa, amma ba a manne ba: ɗaya yakan riga ɗaya da ƙiris, ɗaya yakan ɗan ɗara sama, kamar mata biyu suna kuka a gidan rasuwa, kowacce da muryarta. A tsakiyar karin Coleman yakan saki wata ƙara da ta fi kama da shessheƙa fiye da sautin da ake rubutawa.

Na taɓa kunna ta a waya muna zaune da wani abokina da bai taɓa jin sunan mutumin ba. Bai ce hayaniya ce ba. Cewa ya yi, “Wa ya mutu?”

Ina ganin kunnen Bahaushe yana da sauƙin shiga wannan kiɗa fiye da kunnen wanda ya tashi da fiyano. Mu ba mu taso muna jiran kod ya sauya ba. Mun saba da kalangu da ake matsa wa tsirkiya a hammata ya lanƙwasa sauti ya bi hawa da saukar magana, mun saba da goge da algaita masu zamewa tsakanin sauti da sauti. Abin da masu suka suka kira rashin saiti a busan Coleman, da gangan yake yi. Ra'ayinsa shi ne sauti ɗaya bai kamata ya fito iri ɗaya a waƙar baƙin ciki da waƙar murna ba. Wannan kuwa tsohon abu ne a bulus na karkarar Texas, inda mawaƙi da garayarsa yakan ƙara gaɓa ko ya rage gwargwadon tsawon maganarsa, ba ruwansa da lissafin 12.

Aiki mafi wuya a tawagar na Haden ne. A tsohon tsari mai bas ya san inda za a je tun kafin a tashi. A nan sai ya kasa kunne, ya ji inda Coleman ya nufa, ya shimfiɗa masa ƙasa kafin ƙafarsa ta sauka, wani lokaci ma ya ja shi wani wuri. Kamar ɗan amshi ne da ubangidansa: mawaƙi ya ja baiti yadda ya ga dama, ya tsawaita, ya karkata, ɗan amshin kirki ya san inda zai dire ko da bai taɓa jin baitin ba, don ya daɗe a bayansa. Haden ya zo da wannan kunne daga gida. Tun yana ɗan shekara biyu yake waƙa da iyayensa da 'yan'uwansa a rediyo, waƙoƙin Turawan karkara, inda ake koyon haɗa murya da ji ba da takarda ba. Shan-inna ce ta taɓa masa maƙogwaro yana saurayi, ya koma bas.

Hukuncin manya

Five Spot ba baƙon sabon abu ba ne. Mai fiyano Cecil Taylor ya yi wasa a can a 1956, mai fiyano Thelonious Monk da Coltrane sun shafe watanni a 1957, kuma masu zane irin su Willem de Kooning da Franz Kline nan ne majalisarsu. Masu zanen sun karɓi Coleman hannu bibbiyu. Su da suka riga suka daina zana abin da ido ke gani, ba su ga abin faɗa ba don wani ya daina bin kod.

Leonard Bernstein, jagoran babbar ƙungiyar kiɗa ta New York Philharmonic, ya zo ya yaba ƙwarai. Haden ya sha ba da labarin wani dare da yake kiɗa ido rufe, ya buɗe ido ya ga wani mutum ya hau dandamali ya kara kunnensa a jikin bas ɗin. Ya tambayi Coleman wane ne wannan, aka ce masa Bernstein ne. Shi dai Haden ya ce dalilin rufe idon ma shi ne, in ya duba wajen kanta, sai ya ga manyan masu bas na garin a jere, Charles Mingus da Paul Chambers da Percy Heath da sauransu, duk sun zuba masa ido.

Yabon Bernstein bai taimaka ba a wajen makaɗa, ƙara wa wutar fetur ya yi. Miles Davis ya ce duk mai sauraron abin da mutumin ke rubutawa da yadda yake busa ya san a hargitse yake a ciki. Ana ba da labarin cewa Max Roach, sarkin ganga na zamanin Parker, ya bi shi bayan dandamali ya naushe shi a baki. Roy Eldridge, dattijon tirampet wanda Gillespie ya koya daga gare shi, ya ce ya saurare shi a buge, ya saurare shi garau, har ya hau ya yi busa tare da shi, kuma abin da ya gani shi ne yaron nan rainin wayo yake yi.

Mingus ya fi kowa faɗin gaskiya, don ya faɗi biyun duka. Ya yi shakkar ko Coleman zai iya busa sautuka takwas na farko a jere cikin saiti. Amma ya ce wani dare ya ji faifansa a rediyo a tsakiyar faifan wasu, sai duk sauran suka zama tsofaffi marasa daɗi a kunnensa, har da nasa. Coltrane bai yi dogon bayani ba. Zuwa yake yi dare bayan dare, in an tashi ya ja Coleman su tafi suna magana. A tsakiyar 1960 ya ɗauki Cherry da Haden da Blackwell ya shiga situdiyo da su, suka naɗi faifan da akasarin waƙoƙinsa na Coleman ne, kodayake Atlantic ta ajiye shi sai 1966. Sonny Rollins, wani babban mai busa saksafon, wanda a lokacin ya janye daga wasa yana bita shi kaɗai a kan gadar Williamsburg, da ya dawo ya ɗauki Cherry da Higgins a 1962.

Maganar Eldridge ce ta fi tsaya mini, kuma ba na cikin masu yi mata dariya. Dattijon bai yi ragwanci ba. Ya je, ya koma, ya hau ya gwada. Abin da ya rasa shi ne ma'auni. Shekara talatin yana da hanyar da zai gane ƙwararre daga ɗan buga-buga cikin minti ɗaya: a kira waƙa, a ji ko yana bin jerin. Coleman ya zo ya ɗauke sikelin daga kasuwa. In babu kod da za a ɓata, ta yaya za a ce wani ya yi kuskure? In kuma ba a iya kuskure, da me wanda ya ƙone shekarunsa yana bita ya fi wanda ya sayi ƙaho jiya? Tambayar ba ta hassada kaɗai ba ce. Ta shafi tuwon mutane, ta kuma shafi mutuncin da baƙaƙen makaɗa suka ƙwato da kyar. Kuma tsoronsa ya tabbata ta wani ɓangare: ƙofar da Coleman ya buɗe, gwanaye sun shiga, 'yan hayaniya ma sun shiga, kuma har yau a wannan fanni akwai mai fakewa da sunan 'yanci don bai iya komai ba.

Inda ya kuskure shi ne zaton da ya yi cewa ma'aunin da bai gani ba babu shi. Coleman da kansa ya ce ranar da ya gane yana iya yin kuskure a irin busansa, ranar ya san ya kama wani abu. Kuskuren dai ya tashi daga takarda ya koma tsakanin mutane: ka kasa jin inda ɗan'uwanka ya nufa, ka tsinke zaren karin da ka faro, ka cika wuri da surutu lokacin da ya kamata ka yi shiru. Wanda ya hau dandamali dare ɗaya, komai girmansa, ba zai ga wannan ba, don abin da ke riƙe da kiɗan an gina shi ne a garejin Los Angeles cikin shekaru. A saurari yadda Coleman da Cherry ke busa buɗewar waƙoƙinsu masu gudu, masu karkace-karkace, su tsaya cak tare su tashi tare ba wanda ya ƙirga musu. Ɗan damfara ba ya iya wannan.

Shi kansa Miles, bayan shekara biyar, ya kafa tawaga da Wayne Shorter da Herbie Hancock da Ron Carter da Tony Williams, suka riƙa kiɗan da bugu ke tafiya amma jerin kod ya saki. Bai taɓa cewa daga ina iskar ta kaɗo ba.

Abin da ya biyo baya

Ta fuskar kasuwa, 'yan Termini sun ci riba. Rigima talla ce, layi ya riƙa kaiwa waje, kuma a bazarar 1960 suka sake ɗaukar tawagar na wata huɗu. Wannan karon Blackwell ne a kan ganguna. Higgins ya rasa katin izinin da 'yan sandan New York ke bayarwa, wanda in babu shi makaɗi ba ya aiki a duk inda ake sayar da giya. Katin nan ya taɓa hana Monk aiki na kusan shekara shida, kuma ba a soke tsarin ba sai 1967.

Ranar 21 ga Disamba 1960 Coleman ya kai abin inda ko masoyansa sai da suka ja numfashi. Ya tara mutum takwas a situdiyo, tawaga biyu ta mutum huɗu-huɗu. A lasifikar hagu shi da Cherry da mai bas Scott LaFaro da Higgins. A ta dama Eric Dolphy da Freddie Hubbard da Haden da Blackwell. Suka yi kiɗa ba tsayawa na kusan minti 37, ba abin da aka rubuta sai 'yan gajerun ƙararrakin da ke raba ɓangaren wani da na wani. Kowa yana da lokacinsa na jagora, amma sauran suna da izinin tsoma baki, su amsa, su yi gardama. Faifan ya fito a 1961 da sunan Free Jazz, da hoton zanen Jackson Pollock a jikin kwalinsa, kuma sunan ya bi fannin gaba ɗaya, abin da shi Coleman bai so ba, don yana ganin kansa mawallafi ne mai tsara waƙa. Down Beat ta rasa yadda za ta yi, sai ta ba mutum biyu. Pete Welding ya ba shi tauraro biyar, iyakar abin da ake bayarwa. John Tynan bai ba shi ko ɗaya ba. Aka buga su a fitowa guda.

Ni a nawa kunnen faifan mutum huɗun sun fi wannan. A Free Jazz ganguna biyu da bas biyu suna tafiya a bugu kusan iri ɗaya tsawon lokaci, har abin ya ɗan yi nauyi, kuma wurin da ya fi kyau shi ne can ƙarshe inda aka bar Haden da LaFaro su kaɗai suna zance. Amma shi ne ya nuna wa na baya cewa taro zai iya ƙirƙira tare, kuma a kan wannan hanya Coltrane ya tara mutum goma sha ɗaya a 1965 ya naɗi Ascension.

Suna bai zama kuɗi ba. Coleman ya lura yana cika wuri amma ana biyansa ƙasa da Turawan da ba su fi shi jama'a ba, sai ya ninka farashinsa. Masu kulob suka daina kira. A Disamban 1962 ya kama zauren Town Hall da kuɗin aljihunsa, ya faɗa daidai lokacin da ma'aikatan jaridun New York ke yajin aiki, babu inda za a yi talla balle sharhi. Bayan wannan ya rufe ƙofa, shekara biyu ba a gan shi a dandamali ba. Lambobin girma sun zo, amma a makare: kyautar Pulitzer sai 2007, yana da shekara 77, shekara takwas kafin rasuwarsa.

A Janairun 1965 ya sake fitowa a kulob ɗin Village Vanguard. Masu sauraro sun fara sabawa da shi, har wasu da suka zage shi sun sauko. Sai ga shi da kaya biyu da ba a san shi da su ba, tirampet da goge irin na Turawa, dukansu shi ya koya wa kansa a ɗaki. Gogen da hannun hagu yake jansa, bai ɗaure tsirkiyoyin yadda ake ɗaurewa ba, yana gurza shi da gudu har sautin ya koma kamar ana yaga ƙyalle. Masu tirampet suka ce raini ne ga sana'arsu, Miles na cikinsu. Shekara ta zagayo, a 1966 ya shiga situdiyo da Haden ya naɗi sabon faifai wa kamfanin Blue Note, ya ɗora ɗansa Denardo a kan ganguna. Yaron shekararsa goma.